Zaiba a kifin ƙanƙara: mai juna biyu ta ci ko ta bari?

Maman Hanifa, Tudun Wada
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sani a taimaka min. Ƙanwata na da juna biyu, cikin fari. Uwar mijinta ta saurari wata murya da ake ta turawa a WhatsApp, wai kifin teku duk cike yake da zaiba, wai tana lalata ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Shi ke nan Hajiya ta kafa doka: ba titus, ba shawa, ba kifin gwangwani a gidan. Ga yarinyar nan nama ba ya zama a cikinta, ƙwai ma warinsa tayar mata da zuciya yake yi, kifin nan kaɗai take iya ci da marmari. A wajen awo kuma an ce jininta ya yi ƙasa. Maganar nan gaskiya ce ko kuwa?

Alhaji Mai Kifi, Sabon Gari
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, ni a cikin sana'ar nan na buɗe ido, tun ina ɗaukar kwali a ka daga mota zuwa ɗakin sanyi. Abin da nake sayarwa shi iyalina suke ci, da shi aka yi rainon cikin 'ya'yana kaf. Tun da muryar nan ta fito, mata masu suya a bakin titi sun rage ɗauka, mai ɗaukar kwali ta koma rabi. Wanda ya naɗi muryar yana can yana barcinsa, mu ya bar mu da asara. Allah ya isa kawai zan ce.

Ummu Salma, Gyallesu
Alhaji a yi haƙuri, amma ni ina bayan Hajiyar. Rigakafi ya fi magani. 'Yan watanni ne suka rage mata, in ta haƙura da kifi me zai same ta? Ta ci wake da alayyafo.

Malam Bashir, Samaru
Maman Hanifa, muryar nan na saurare ta. Akwai gaskiya a ciki, amma an yanke ta rabi, kuma rabin da aka bari shi ne zai amfani ƙanwarki.

Zaiba na shiga iska ne ta hanyar ƙona kwal a masana'antu da tashoshin lantarki, da kuma haƙar zinare irin ta gargajiya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna haƙar zinaren nan ita ce kan gaba, sama da kashi ɗaya cikin uku na zaibar da ɗan Adam ke saki a iska, sai ƙona kwal ke bi mata. Iska ta ɗauke ta, ruwan sama ya sauko da ita cikin teku da koguna. A can cikin laka akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke juya ta zuwa wani nau'i da ake kira metilmakiyuri, wanda ke manne wa tsoka, ba ya fita da sauƙi. Ƙananan halittun ruwa su ɗauka, ƙaramin kifi ya cinye su, babba ya cinye ƙarami, wanda ya fi shi ya cinye shi. Babban kifi mai farauta ya zama kamar uwar adashi, zubin kowa a hannunsa yake taruwa, kuma iya daɗewarsa a duniya iya abin da ya tara.

Shi ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ware waɗanda mai ciki za ta guje wa: shak, kifi mai takobi, malin, wata babbar tuna mai manyan idanu, da king mackerel. Na ƙarshen nan shi ya jawo ruɗanin, domin dangin titus ne, amma shi ƙato ne mai cin wasu kifaye. Titus ɗinmu na Atilantika ƙarami ne, abincinsa ƙananan halittu, kuma hukumar ta sa shi a jerin waɗanda suka fi dacewa, tare da shawa, sadin, fanla, karfasa da tarwaɗa. Ta ma shawarci mai ciki ta ci irin waɗannan sau biyu zuwa uku a mako, wato kamar giram 230 zuwa 340.

A cikinmu wa ya taɓa ganin kifi mai takobi a kasuwar Sabon Gari?

Alhaji Mai Kifi, Sabon Gari
Allah ya biya ka, Malam! Titus, kote, shawa, fanla, kuroka, su ne kayanmu. Wancan ko a hoto ban san shi ba.

Ummu Salma, Gyallesu
To amma ai ka yarda akwai zaibar ko kaɗan ce. Guba guba ce, Malam.

Malam Bashir, Samaru
Akwai, 'yar uwa, ban musa ba. Amma bari mu yi lissafi. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Duniya ya sa iyaka a 2003: maikurogiram 1.6 (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kan kowane kilo na nauyin mutum a mako, kuma an tsara iyakar ne don kare ɗan tayi. Mace mai kilo 60 iyakarta 96 ke nan a mako. A gwajin da Amurkawa suka yi, kilo guda na titus na ɗauke da kamar maikurogiram 50. Sai ta cinye kusan kilo biyu na tsokar titus a mako, kuma kowane mako, kafin ta taɓa iyakar. Zaibar sadin ma ba ta kai rabin ta titus ba. Shak da kifi mai takobi kuwa kilo guda na kusan 1,000, yanka ɗaya mai giram 100 ya cinye mata rabon mako. Kin ga nisan da ke tsakani.

Sista Rabi, ungozoma
Ummu Salma, bari in amsa miki tambayarki ta farko, me zai same ta in ta bari. Ni a ɗakin awo da ɗakin haihuwa nake wuni. Abin da nake gani kullum shi ne mace ta zo idonta fari fat, tafin hannu ba jini, tana haki daga hawa 'yar matakala. Irin wannan in ta zubar da jini wajen haihuwa, abin da wata za ta jure ita sai ya kayar da ita. Ƙanwar Maman Hanifa ba ta cin nama, ba ta cin ƙwai, an ce jininta ya yi ƙasa, sannan a ƙwace mata kifi? Wake da alayyafo na da kyau, ta ci, amma jiki ya fi saurin ɗaukar sinadarin ƙarin jini daga nama da kifi fiye da na ganye. Ga kuma man da ke jikin titus da shawa da sadin, wanda ƙwaƙwalwa da idon jariri ke ginuwa da shi, musamman a watannin ƙarshen nan da kike cewa ta haƙura. Ga sinadarin aidin mai hana maƙoƙo. Sadin na gwangwani da ake ci da ƙayarsa ma yana ƙara ƙarfin ƙashi.

Maman Hanifa, ki ce mata ta zo awo na gaba tare da Hajiyar in zai yiwu. Tsofaffin nan don ƙauna suke yi, in suka ji daga bakin ma'aikaciya sukan sauko. Kada ku sa yarinyar ta yi jayayya da uwar mijinta. Kuma ta riƙe maganin ƙarin jinin da aka ba ta, kada ta dinga korawa da shayi.

Maman Hanifa, Tudun Wada
Na gode Sista, Allah ya saka da alheri. Hajiyar na da fahimta, zan bi ta hannun mijin.

Baba Ladan, Ƙofar Doka
Ni dai 'ya'yana, duk wannan lissafin bai dame ni ba. Da can wa ya san kifin ƙanƙara a Zariya? Daga kogin Galma ake kawo mana tarwaɗa tana motsi, a kawo banda daga Baga da Yawuri, miyar kuka ta ji ƙamshi har maƙwabta. Kifin da ya yi watanni a cikin jirgi, ya sauka Legas, ya kwana a hanya, wutar nan ta zo ta ɗauke, ya narke ya sake daskarewa, wannan ko ba zaiba ai abin tsoro ne. Ku koma wa kifin ruwanku.

Alhaji Mai Kifi, Sabon Gari
Ranka ya daɗe Baba, maganar wuta gaskiya ce, ita ke cinye mana riba a man janareta. Kuma zan faɗa wa jama'a yadda za su gane. In kun ga ƙanƙara mai ja-ja ta taru a gindin kwali, ko kifin ya manne da juna ya lanƙwashe, ya narke ne aka sake daskarar da shi. Ki danna da yatsa, in wurin ya lotsa bai dawo ba, ki bar shi. Ki ɗaga murfin kunnensa, ja ake so, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. Titus musamman ba ya son zafi, in ya kwana ba sanyi shi ke sa wa mutum ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai, ko an soya shi.

Malam Bashir, Samaru
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kifin gida alheri ne, amma dokar ɗaya ce a teku da kogi, tunda ruwan sama bai ware Galma ba. Karfasa da tarwaɗar kiwo kaɗan suke tarawa. Ƙaton giwan ruwa ko tsage da ya shekara yana cin 'yan uwansa shi ya fi tarawa, balle in ruwan na kusa da inda ake wanke zinare. Bandar kuma tana da nata ciwon: wasu na fesa mata maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa, kuma wannan ya fi kusa da tukunyarmu fiye da zaibar teku.

Hauwa Palladan
Malam tambaya. In an wanke da ruwan zafi da lemon tsami, aka soya sosai, ba ta mutuwa? Ko a cire fata da kai?

Malam Bashir, Samaru
A'a Malama Hauwa. Ba ƙwayar cuta ba ce balle wuta ta kashe ta. A cikin tsokar take, ba a fata ko kitse ba, don haka wanki da suya da banda ba sa rage ta. Zaɓin kifin tun a kasuwa shi ne maganin. Abin daɗin shi ne jiki na fitar da ita a hankali, rabi na fita cikin kamar wata biyu, don haka wadda ta taɓa cin babban kifi sau ɗaya a biki kada ta tayar da hankalinta. Tuna ta gwangwani ita ce za a ɗan kula: ƙaramar da aka fi sawa a gwangwani ba laifi, farar tuna kuma mai ciki ta tsaya a sau ɗaya a mako.

Aminu Kongo
Malam, da girmamawa, ina da ja. Duk alƙaluman da ka kawo na Amurka ne, a kan kifin kasuwarsu. Wa ya gwada na kwalin Alhaji? Mu ne fa ake jibge wa abin da wasu suka ƙi. Kuma tarihin abin nan ya nuna ba a faɗin gaskiya da wuri. A Minamata ta Japan kamfanin Chisso ya fara zuba ruwan zaiba a teku tun 1932. An ga kyanwowi na rawa suna faɗawa ruwa, tsuntsaye na faɗowa. A 1956 aka tabbatar da cutar a jikin mutane: hannu da leɓe su mutu, gani ya tsuke, tafiya ta gagara, magana ta sarƙe. Uwa ta ga kamar lafiyarta ƙalau ta haifi ɗa da nakasar ƙwaƙwalwa. Amma ba a daina zubar da ruwan ba sai 1968. Shekara goma sha biyu ana cewa masunta su kwantar da hankali. To yau ma ana ce mana mu kwantar da hankali.

Malam Bashir, Samaru
Aminu, abin da ka kawo na Minamata haka yake, kuma abin kuka ne. Amma can kamfani ne ke tuttula guba kai tsaye a cikin ƙaramin gaɓar ruwa, masunta na cin kifin wurin safe da dare. Kifinsu ya ninka na buɗaɗɗen teku nesa ba kusa ba. Kwatancin da ya fi kusa da mu shi ne tsibirin Seshel. Can mutane na cin kifin teku kusan kullum, masana suka bi yaransu tun daga ciki har suka girma, ba su ga wata illa bayyananna daga zaibar kifin ba. A tsibiran Faro kuwa an ga ɗan tasiri a kan yara, amma su naman wata ƙatuwar dabbar teku suke ci, wadda ke can ƙololuwar masu farauta.

Batun alƙaluma kuma, abin da ke sa yawan zaiba shi ne irin kifin da shekarunsa da ruwan da ya rayu. Titus ɗin da ake kawo mana daga arewacin Atilantika ake kama shi, ruwan da Turawa ke cin nasu. Ba yadda za a yi a ware mana mai zaiba daga cikin taru ɗaya. Abin da za a iya cutar mu da shi shi ne tsohon kaya ko wanda sanyinsa ya yanke.

Alhaji Mai Kifi, Sabon Gari
A jikin kowane kwali akwai ƙasar da ya fito da ranar da aka daskarar. Nowe, Holan, Rasha, Muritaniya. Duk mai so ya zo in juya masa kwalin ya karanta.

Aminu Kongo
Na ji, amma ina nan a kan bakata. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello a garin nan, cibiyarta ta binciken makamashi na da ƙaramar na'urar nukiliya tun 2004, aikinta har da gano ƙarafa a cikin samfur. Ga NARICT, cibiyar binciken sinadarai, a Basawa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata ta taƙaita amfani da zaiba a 2018. Me zai hana a riƙa ɗibar kifi daga Sabon Gari da Tudun Wada da Galma a gwada, a faɗi sakamako da Hausa a rediyo? Da ana haka da murya ɗaya ba ta girgiza gari ba.

Malam Bashir, Samaru
A wannan kam hannuna na cikin naka. A haɗa har da banda da ruwan rafukan da ke yammacinmu.

Nura, Giwa
Salam. Ina ta karantawa ban so in sa baki ba, amma da Malam ya ambaci zinare jikina ya yi sanyi. Na yi aikin haƙa a dajin yamma da mu, wajen Birnin Gwari, kafin rashin tsaro ya koro mu. Zaibar nan da hannu muke dama ta. Bayan an niƙa dutse an wanke a kwano, sai a zuba ta a cikin baƙin yashin da ya rage, a murza da tafin hannu har ta kama zinaren. A juye a ƙyalle a matse, ragowar ta tsiyaye, a sami ɗan dunƙule fari mai laushi. Sai a ɗora a cokali ko murfin gwangwani a kan garwashi, mutum ya sunkuya yana hurawa da baki yana kallo har farin ya tafi ja ya fito. Ba wari, ba wani hayaƙi da za ka gani. Wani lokacin a ɗakin da muke kwana ake yi saboda ɓarayi. Ruwan wankin kuma rafi yake komawa, inda muke kama kifin da muke ci. Yayana ya fi ni daɗewa a ciki, yanzu in ya ɗauki kofin shayi sai ya zube saboda rawar hannu, ga mantuwa, ga saurin fushi da ba halinsa ba. A gida an ce sammu ne.

Ummu Salma, Gyallesu
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya.

Sista Rabi, ungozoma
Nura ƙanena, ka kai shi asibitin koyarwa na Shika, kuma ka faɗa wa likita da bakinka cewa ya yi shekaru yana ƙona zaiba. In ba ka faɗa ba za a yi ta neman wata cuta daban. Rawar hannu, mantuwa, sauyin hali, kumburin dasashi, duk suna cikin alamominta, kuma tana taɓa ƙoda. Ana gwada fitsari a gani. Kai ma a duba ka. A ci gaba da addu'a, amma a je.

Malam Bashir, Samaru
Wannan ita ce zaibar da ta fi kusa da mu, jama'a. Tururin da Nura ya kwatanta, huhu na shanye kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa, kuma yana manne wa bango da tufafi ya ci gaba da tashi, mata da yaran ɗakin su shaƙa. Kada a haɗa shi da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum. Wancan dalma ce da ke cikin dutsen da ake niƙawa a cikin gida. Guba biyu ne daban a sana'a ɗaya.

Hajiya Asabe, Hanwa
Tunda an zo nan bari in faɗi wadda mata ba sa son ji. Man bilicin. Da yawa daga mayuka da sabulan sa fari akwai zaiba a ciki, NAFDAC ta haramta su amma suna nan a kasuwa, balle haɗin da ake zubawa a roba ba suna ba komai. Mace za ta ƙi titus saboda jariri, ta shafa wannan tun daga fuska har ƙafa safe da dare, ta rungumi jaririn a ƙirjinta, tawul ɗaya, zanin gado ɗaya. Har amare ake haɗa wa a kayan gyaran jiki. Ina roƙon iyaye mata mu duba kan madubin 'ya'yanmu.

Hauwa Palladan
Wallahi Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Sista, wadda ta daina shafawa amma tana shayarwa fa, ta yaye?

Sista Rabi, ungozoma
Kada ta yaye. Ta daina man gaba ɗaya, ta fitar da shi daga ɗakin, ta wanke tawul da zannuwa, ta ci gaba da ba da nono. In ta daɗe tana shafawa, ko tana ganin kumburin ƙafa da fuska ko fitsari mai kumfa, ta zo da robar man asibiti a gani.

Nura, Giwa
Sista na gode, in sha Allah ranar Litinin zan kai shi. Malam, akwai abokaina da har yanzu suna aikin, ba za su bari ba don shi ne abincinsu. Ba wata dabara?

Malam Bashir, Samaru
Akwai. Ana ƙera rufaffen mazubi da bututun ƙarfe, a sa dunƙulen a ciki a rufe gam, a ɗora a wuta, bakin bututun a cikin ruwa. Tururin ya bi bututu ya huce ya koma zaiba a ƙasan ruwan, a sake aiki da ita, ka ga har kuɗin saye ya ragu. Sharaɗi: a yi a fili nesa da gida, ba mace mai ciki ba yaro a kusa, kuma kada a buɗe sai ya huce sarai. Mai walda zai iya haɗa shi.

Nura, Giwa
Don Allah Malam turo min zanen ta akwatina. Akwai mai walda da na sani a Muciya, gobe in na shigo gari zan kai masa mu ji nawa zai yi.